Daga Sifawa zuwa Majalisar Dattawa: Tarihin Zaɓen Wakilai a Ƙasar Boɗinga da Shagari

Wanda ya bar birnin Sakkwato ya miƙi hanyar Jega, Boɗinga zai fara tararwa, sannan Shagari, kafin ya kai Tambuwal. A takardun hukumar zaɓe, waɗannan garuruwa suna cikin mazaɓar sanata ta Sakkwato ta Kudu, wadda ta haɗa ƙananan hukumomi 7: Boɗinga, Dange-Shuni, Tureta, Yabo, Shagari, Tambuwal da Kebbe. Sanata ɗaya suke aikawa Abuja. A cikin jiha kuwa babu majalisar dattawa, majalisar dokoki guda ce tak mai kujeru 30, Boɗinga na da biyu a ciki, Shagari na da ɗaya. Wannan tsari da aka saba da shi yau bai kai shekara hamsin ba, amma tambayar da ke ƙarƙashinsa, wato su wa ke da bakin zaɓen shugaba, ta haura shekara ɗari biyu ana yin ta a wannan ƙasa.

Sifawa da Boɗinga, 1810 zuwa 1820

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Gwandu ya koma Sifawa wajen 1810, garin da yau ke cikin ƙaramar hukumar Boɗinga. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, kusa da shi, yayin da ɗan Shehu, Muhammadu Bello, ke gina Sakkwato. A Sifawa ne, a 1812, Shehu ya raba kula da daula: yamma a hannun Abdullahi, gabas a hannun Bello, shi kuma ya koma ga karantarwa da rubutu. A 1815 ya tashi zuwa Sakkwato, ya rasu a can a watan Afrilu na 1817.

Abin da ya tabbata a tarihi shi ne jama'ar da ke Sakkwato sun yi wa Bello mubaya'a, Abdullahi yana Boɗinga, daga baya ya koma Gwandu, kuma an ɗauki 'yan shekaru da sanyin jiki tsakanin baffa da ɗan wansa. Abin da ake faɗa kuwa shi ne Abdullahi ya hau doki daga Boɗinga da jin labarin rasuwa, ya iske an rufe ƙofar gari, ya juya. Ko an rufe ƙofa ko ba a rufe ba, an yanke magana ba ya wurin, alhali shi ne malamin da ya fi kowa nanata wajibcin shawara a kan shugaba, kamar yadda ya shimfiɗa a littafinsa Liya'ul Hukkami da ya rubuta a Kano. Sai wajen 1820, da Bello ya kawo masa ɗauki a yaƙin Kalambaina, aka shirya, Abdullahi ya yi mubaya'a, aka ci gaba da daula mai fada biyu.

Da tafiya ta yi tafiya, zaɓen Sarkin Musulmi ya koma hannun wata majalisa ta masu zaɓen sarki. Ban da Waziri da Magajin Gari da Magajin Rafi da Galadiman Gari, akwai shugabannin dangogin da suka taimaki jihadi, kuma da yawansu daga wannan kudancin suke: Sarkin Kabin Yabo, wanda ya gaji gidan Muhammadu Moyijo, da Arɗon Shuni, da Sa'in Kilgori, da Arɗon Dingyadi na ƙasar Boɗinga. Ke nan tun ƙarni na 19 wannan yanki yana da ƙuri'a a zaɓe mafi girma na ƙasar, sai dai ƙuri'ar ta gidaje ce ƙalilan, ana gadonta kamar yadda ake gadon gona.

Shagari ba ta cikin waɗannan gidaje. Ƙaramin gari ne a ƙasar Yabo. Bisa abin da zuriyar gidan sarautar garin ke faɗa, Ahmadu Rufa'i ne ya kafa shi, ya riƙe sarautar Magajin Shagari, kuma daga tsatsonsa aka haifi Shehu Usman Aliyu Shagari ranar 25 ga Fabrairu 1925.

Majalisu biyu a Kaduna, 1903 zuwa 1966

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Ba su rushe sarauta ba, sun mayar da ita En'e, suka ɗora Razdan da Di'o a kai. Fiye da shekara arba'in talakan Boɗinga bai san wani wakili ba sai mai unguwa da uban ƙasa, su ma yakan gan su ne ranar haraji da jangali.

Tsarin mulkin Gwamna Richards, wanda ya fara aiki a 1947, shi ya kafa wa Jihar Arewa majalisu biyu a Kaduna: Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai. Wannan Majalisar Sarakuna ita ce abu mafi kusa da majalisar dattawan jiha da aka taɓa yi a ƙasar nan. Jama'a ba su zaɓen kowa cikinta, rawani ne ke shigar da mutum. Sarkin Musulmi Abubakar na III yana ciki, kuma Sarkin Gwandu Haruna, daga zuriyar Malam Abdullahi, ya shugabance ta daga baya. Da tsarin Macpherson na 1951 ya ba majalisun ikon yin doka, sai ya zama ƙudurin da wakilai suka zartar yana buƙatar ya ratsa ta gaban sarakuna.

Zaɓen wakilan ma na hawa-hawa ne. Masu biyan haraji a ƙauye su tsayar da mutum, waɗanda aka tsayar su taru a gunduma su tace, na gunduma su taru a lardi su fitar da wanda zai tafi Kaduna. A kowane mataki hannun En'e na ƙara nauyi, shi ya sa akasarin waɗanda suka kai ƙarshe ma'aikatan En'e ne ko 'ya'yan sarauta. 'Yan NEPU sun yi ta kuka da wannan tsari, kuma kukansu na kan hanya.

A cikin wannan tsari Shehu Shagari ya taso. Ya yi elementare a Yabo, midil a Sakkwato, kwaleji a Kaduna, ya dawo yana koyarwa, ya zama sakataren jam'iyyar NPC na Sakkwato a 1951. A 1954 ya shiga Majalisar Wakilai ta Tarayya a Ikko yana wakiltar Sakkwato ta Yamma. Ba ɗan sarkin yanka ba ne, malamin makaranta ne ɗan gidan Magaji, kuma hawansa ya nuna cewa boko ya buɗe wata ƙofa da ba ta nan a da. A 1958 ya zama sakataren majalisa na Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga nan ya riƙe ma'aikatu daban-daban har 1966. Sarkin Musulmi ya naɗa shi Turakin Sakkwato a 1962.

Zaɓen Disamba 1959 shi ne na tarayya na farko da mutumin Arewa ya jefa ƙuri'a kai tsaye a akwati, amma maza kaɗai. Matan Boɗinga da Shagari sai da suka jira har 1976. Majalisar Dattawa ta tarayya da aka kafa gab da samun 'yanci ita ma ba zaɓenta jama'a suka yi ba: kowace jiha ta aika mutum 12 da gwamnatinta ta tsayar, Ikko 4, aka naɗa wasu 4, jimilla 44, Nnamdi Azikiwe ya fara shugabantarta. Ranar 15 ga Janairu 1966 sojoji suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, majalisun duka suka watse. Majalisar Sarakuna ba ta sake dawowa da ikon yin doka ba.

Mutumin da ya so zama sanata, 1976 zuwa 1983

Gowon ya ƙirƙiro Jihar Arewa maso Yamma a 1967, Murtala ya raba ta gida biyu, Sakkwato da Neja, a watan Fabrairu na 1976. A shekarar aka yi gyaran ƙananan hukumomi wanda ya karɓe ragowar ikon En'e. Da aka zo rubuta tsarin mulkin 1979, an ɗauko salon Amurka: shugaban ƙasa mai cikakken iko, gwamnoni, Majalisar Dattawa da kowace jiha ke da kaso daidai da na 'yar'uwarta. Abu ɗaya aka bari a can. A Amurka jihohi 49 cikin 50 suna da majalisu biyu, kowace da tata majalisar dattawa da ake zaɓa gunduma-gunduma, Nebraska ce kawai ta koma majalisa ɗaya tun 1937. Nijeriya ta ba kowace jiha majalisa ɗaya. Akwai hujjar rage kashe kuɗi, kuma ba wanda ke son mayar wa sarakuna kujerun yin doka. Sai dai sakamakon shi ne babu abin da ya rage tsakanin gwamna da abin da yake so face majalisa guda, wadda galibi jam'iyyarsa ce ke da rinjaye a ciki.

Shagari yana cikin majalisar da ta tantance wannan tsarin mulki a 1977 da 1978. Ya sha faɗa, har a littafin tarihin rayuwarsa, cewa burinsa a lokacin kujerar sanata ce. Manyan NPN ne suka matsa masa, ya shiga zaɓen fidda gwani a Ikko a Disamba 1978 tare da su Maitama Sule da Adamu Ciroma da Olusola Saraki da Joseph Tarka, ya fito kan gaba. Da an bar shi da son ransa, da garin Shagari ya fara ba da zaɓaɓɓen sanata tun ranar 7 ga Yuli 1979, ranar da 'yan Nijeriya suka fara zaɓen sanatoci da hannunsu. A wancan zaɓe kowace jiha cikin 19 ta ba da mutum 5, jimilla 95, NPN ta sami 36, UPN 28, NPP 16, GNPP 8, PRP 7. Mazaɓun manya ne ƙwarai, don Jihar Sakkwato ta lokacin ta haɗa har da Kebbi da Zamfara na yau.

A zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Agusta Shagari ya sami ƙuri'u kimanin miliyan 5.7, Awolowo kimanin miliyan 4.9. Doka ta ce sai an sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Shagari ya samu a jihohi 12, a Kano ya tsaya ɗan ƙasa da kashi 20 cikin 100. Aka shiga lissafin sha biyu da biyu bisa uku, har Kotun Ƙoli ta tabbatar masa ranar 26 ga Satumba. Tun daga ranar farko ta sabon tsari ke nan alƙali ya shigo cikin masu zaɓe, kuma bai fita ba har yau. Sojoji suka kifar da gwamnatin ranar 31 ga Disamba 1983. Daga baya Shagari ya koma gida, ya rasu ranar 28 ga Disamba 2018, aka rufe shi a garinsu.

Yadda aka shata Sakkwato ta Kudu, 1991 zuwa 1999

Babangida ya cire Jihar Kebbi a 1991, ya rage sanatoci zuwa uku a kowace jiha. Majalisar da aka zaɓa a Yuli 1992 ba ta yi nisa ba, Abacha ya rushe ta a Nuwamba 1993. Shi kuma ya cire Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, Sakkwato ta tsaya a ƙananan hukumomi 23. Shagari, wadda ta daɗe a ƙarƙashin Yabo, ita ma ta zama mai cin gashin kanta a cikin wannan yayi na ƙirƙirar ƙananan hukumomi. Iyakokin mazaɓun da ake amfani da su yau na wancan zamani ne. Tsarin mulkin 1999 ya gaje su: sashe na 48 ya ba kowace jiha sanata uku, sashe na 91 ya ce majalisar jiha kada ta gaza mutum 24 kada ta wuce 40. A Majalisar Wakilai an haɗa Boɗinga da Dange-Shuni da Tureta, an haɗa Yabo da Shagari, an haɗa Kebbe da Tambuwal. Baƙo yakan ruɗe da sunaye, don ƙaramar hukumar Sakkwato ta Kudu da ke cikin birni ba ta cikin mazaɓar sanatan Sakkwato ta Kudu, tana cikin ta Arewa.

Ƙidayar 2006 ta ba Tambuwal mutum kimanin 225,000, Boɗinga kimanin 175,000, Shagari kimanin 156,000. Tambuwal ta fi kowa yawa, amma ba ta kai rabin yankin ba, ko kusa.

Kujerar da ba ta zagayo ba, 1999 zuwa 2023

A 1999 Attahiru Bafarawa na APP ya ci gwamna, amma Sakkwato ta Kudu ta zaɓi Abdallah Wali na PDP, ɗan ƙasar Tambuwal. Cikin masu taimaka masa a majalisa akwai wani matashin lauya, Aminu Waziri Tambuwal. A 2003 Wali ya nemi gwamna bai samu ba, kujerar sanata ta koma hannun Umaru Ɗahiru Tambuwal na ANPP, wanda ya riƙe ta shekara 12, ya soma a ANPP ya ƙare bayan ya ci zaɓe biyu a PDP. Jam'iyya ta canza, gari bai canza ba.

Shekarar 2007 ta fi kowace taɓa Boɗinga da Shagari kai tsaye. Mukhtar Shehu Shagari, wanda ya yi ministan albarkatun ruwa a gwamnatin Obasanjo, shi ke riƙe da tikitin gwamna na PDP. Sai shugabannin jam'iyya suka jawo Aliyu Magatakarda Wamakko daga ANPP, bayan ya ɓata da Bafarawa, suka ba shi tikitin, Mukhtar ya koma mataimaki. A ɗaya ɓangaren Bafarawa ya kafa DPP ya tsayar da Muhammadu Maigari Dingyadi, ɗan ƙasar Boɗinga. Wamakko ya ci, Dingyadi ya tafi kotu, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓen a Afrilu 2008, aka sake a Mayu, Wamakko ya sake ci. Shari'ar da ta biyo baya ta zama sanadin rikici tsakanin Alƙalin Alƙalai Katsina-Alu da shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara Ayo Salami, wanda ya yi zargin an nemi ya sa baki a shari'ar Sakkwato, har aka dakatar da shi a Agusta 2011. A ganina, abin da ya fi ciwo a wannan labari ba hukuncin kotu ba ne. Daliget sun zaɓi ɗan Shagari, aka canza shi a ɗaki, kuma mai ƙuri'a a Shagari ya iske an gama magana kafin ya isa rumfar zaɓe. Mukhtar ya yi shekara takwas yana mataimaki, ya ƙi bin Wamakko zuwa APC a 2013, amma a 2015 tikitin PDP ya tafi ga Abdallah Wali, wanda Aminu Tambuwal ya kayar.

Guguwar Buhari ta 2015 ta kai Ibrahim Abdullahi Ɗanbaba, daga ƙasar Dange-Shuni, Majalisar Dattawa a APC. A 2018 ya bi Gwamna Tambuwal zuwa PDP. A zaɓen 2019 hukumar zaɓe ta ce Abubakar Shehu Tambuwal na APC ne ya ci, aka rantsar da shi, ya zauna 'yan watanni, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tuɓe shi a Oktoba ta mayar da Ɗanbaba. A shekarar ce kuma aka ce zaɓen gwamna bai kammalu ba, aka koma zagaye na biyu, Tambuwal ya tsira da ƙuri'a 342 cikin fiye da miliyan ɗaya da aka kaɗa. A 2022 Ɗanbaba ya sake sauya sheƙa zuwa APC. A 2023 ya kara da tsohon ubangidan nasa, Aminu Tambuwal. Hukumar zaɓe ta ce zaɓen 25 ga Fabrairu bai kammalu ba a mazaɓun sanata uku na jihar, aka ƙarasa ranar 15 ga Afrilu, Aminu Tambuwal ya ci da tazarar ƙuri'a kimanin 3,000.

Idan aka jera sunayen, huɗu cikin mutum biyar da suka hau kujerar tun 1999 daga ƙaramar hukumar Tambuwal suke, ɗaya daga Dange-Shuni. Boɗinga da Shagari da Yabo da Tureta da Kebbe ba su ɗana ba. Ba doka ce ta hana ba. Jam'iyyu kan tsayar da wanda ke da kuɗin biyan fom da ɗaukar nauyin daliget, wanda kuma gwamna ko jagoran jam'iyya ya yarda da shi, sannan idan ɓangare ɗaya ya ɗauko ɗan Tambuwal, ɗayan yakan ga sai ya raba ƙuri'un Tambuwal ko ya tattaro na sauran. An lallashi sauran garuruwa da wasu muƙamai. Aminu Shehu Shagari ya wakilci Yabo da Shagari a Majalisar Wakilai, Dingyadi ya yi ministan harkokin 'yan sanda daga 2019 zuwa 2023, ya dawo ministan ƙwadago a 2024. Amma muƙamin naɗi, wanda ya ba ka shi yana iya karɓewa gobe. Zaɓukan da ake ci da ƙuri'a 342 ko 3,000 sun nuna cewa mazaɓa ɗaya ta Boɗinga ko ta Shagari tana iya juya sakamako, kuma har yanzu mutanen wurin ba su sayar da wannan ƙarfi da farashin da ya dace da shi ba, wato alkawarin karɓa-karɓa a fili kafin zaɓen fidda gwani.

Majalisa ɗaya da Sarkin Musulmi, 2023 da 2024

Yayin da ido ke kan Abuja, majalisar da ta fi kusa da rayuwar manomin Shagari ita ce ta Sakkwato. Ita ke amincewa da kasafin kuɗin jiha, ita ke tantance kwamishinoni, ita ke yin dokar ƙananan hukumomi da ta masarautu, ita kaɗai ke iya soma tsige gwamna. A watan Yuni 2023, bayan Ahmad Aliyu na APC ya hau gwamna, 'yan majalisar suka zaɓi Tukur Bala, ɗaya daga cikin wakilan Boɗinga biyu, ya zama kakakinsu.

A watan Afrilu 2024 gwamnati ta tuɓe uwayen ƙasa 15. Daga nan ta aika wa majalisa ƙudurin gyaran dokar ƙananan hukumomi da masarautu, wanda ya ce majalisar Sarkin Musulmi za ta ba da shawarar wanda za a naɗa uban ƙasa ko hakimi, amma naɗin kansa na gwamna ne. Gwamnati ta ce abin da aka daɗe ana yi ne aka mayar doka. Masu suka suka ce rage wa Sarkin Musulmi iko ne, magana ta yi zafi har Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya fito ya yi kira a kare martabar masarautar. Majalisa ta saurari ra'ayin jama'a, ta zartar, gwamna ya sa hannu a watan Yuli. Kafin 1966 ƙuduri irin wannan sai ya bi ta Majalisar Sarakuna, inda Sarkin Musulmi ke zaune da kansa. A 2024 mutum 30 ne suka duba shi a zaure ɗaya, cikin 'yan makonni, ɗan Boɗinga yana riƙe da guduma, ɗan majalisar Shagari yana da ƙuri'a ɗaya a ciki, kuma daga teburinsu sai teburin gwamnan da ya aiko da shi.